Bayan An Sauke Tukwanen Kirsimeti, Wa Ke Bin Wa Bashin Hutu?

 Shirinmu na yau ya fi fuskantar gidajen Kirista na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura da ƙauyukan da ke kewaye da su, waɗanda suka fito daga hidimar Kirsimeti da ta sabuwar shekara. Amma 'yan'uwanmu Musulmi da ke kusa da rediyo kada su juya tasha, domin duk wanda ya san yadda gida yake komawa kwana uku bayan Sallah zai gane inda muka dosa. Maganar hutu za mu yi. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, hutun bayan biki hakki ne da waɗansu mutanen gida suke bin waɗansu, kuma muddin ba a biya wannan hakki ba, tunani a kan haihuwar Almasihu, wanda aka yi ta wa'azinsa a majami'u cikin Disamba, ba zai sami wurin zama a zuciyar kowa ba.

Mu fara da jikin da ya shiga Disamba. Mutumin wannan yanki ba ya tarar da Kirsimeti da sauran ƙarfi a ajiye. Tun saukar ruwan fari wajen watan Yuni yake gona, daga shuka zuwa noman fari zuwa maimai. Satumba ta zo da girbin gero, wake da gyaɗa da riɗi suka biyo baya, dawa kuwa sai Nuwamba ko farkon Disamba ake kammala ta. Ga ɓarar zoɓo, wadda mata da yara suka fi kowa sanin zafinta a yatsu, ga sussuka da shiƙa da kai amfani rumbu. Kafin a numfasa, ikilisiya ta sa ranar godiyar kaka, ƙungiyar mawaƙa ta fara koyon waƙa kowane dare, Zumuntar Mata ta raba ayyuka, an sa ranakun aure guda biyu ko uku a mako ɗaya saboda 'yan ci-rani da ma'aikata sun dawo gida. Su kuma malamai da 'yan sanda da 'yan kasuwa da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, waɗanda asalinsu kudancin Kaduna ne ko Filato ko Binuwai ko kudancin ƙasar, tasu gajiyar ta hanya ce: yini guda ko fiye a cikin mota cike maƙil, da kuɗin mota wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan a juyo cikin hazon hunturu don a tarar da aiki ranar biyu ga Janairu.

Yanzu mu leƙa tsakar gida ranar 27 ga Disamba da asuba. Baƙi na barci a ɗakuna da zaure. A bayan ɗaki kuwa ga tukwane jere, ƙanzon shinkafa ya kama gindinsu, murhu cike da toka, kwanukan da aka aro daga maƙwabta suna jiran wanki kafin a mayar. Ruwan da ya kwana a randa ya yi sanyi ƙarara, kuma hannun da za a tsoma cikinsa ya riga ya tsattsage da faso. Mai wannan hannu ita ce ta tashi tun ƙarfe huɗu ranar biki, ta soya cincin da nama, ta dama kunun zaƙi, ta zuba abinci kwano kwano aka kai wa maƙwabta Musulmi kamar yadda su ma suke kawowa da Sallah. Sau da yawa wa'azin ranar ya wuce ta, ko kuma ta isa majami'a ana addu'ar rufewa. 'Yan matan gida suna tare da ita a wannan aiki, har da yarinyar da aka ɗauko riƙo daga ƙauye. Maigida ya gaji, wannan gaskiya ne, domin shi ya yi ta faɗi-tashin kuɗin akuya da ɗinki da kuɗin mota. Sai dai shi gajiyarsa tana da ranar ƙarewa. Da baƙi sun tafi zai miƙe a kan tabarma a rana ya ji ɗumi, ita kuwa ranar ce wankin barguna da gyaran ɗakuna yake farawa.

Wani zai ce ai gajiyar biki ce, kwana biyu ta wuce. Likitoci ba su ɗauki abin da wasa haka ba. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken haɗin gwiwa wanda ya nuna cewa a shekarar 2016 mutane kimanin 745,000 ne suka mutu sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da doguwar ranar aiki. Binciken ya ce mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya fi na mai aikin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa daga ciwon zuciya kuma ya fi da kashi 17. A ƙirga wa uwar gida awoyinta daga asuba zuwa bayan isha'i, kwana bakwai a mako, a ga inda lissafin zai tsaya. Masana barci kuma sun yi ittifaƙi cewa baligi yana bukatar aƙalla awa bakwai a dare. Wanda ya yi mako biyu yana samun huɗu ko biyar, hankalinsa yana raguwa, fushinsa yana kusa, garkuwar jikinsa tana rauni, kuma wannan a daidai lokacin da ƙurar hunturu take kawo mura da tari. Sau da yawa faɗan da ke ɓarkewa a gidaje cikin makon farko na Janairu, idan aka bi diddigi, za a tarar da rashin barci da bashi a gindinsa.

To, me Littafi Mai Tsarki ya ce? A nan nake so mu ɗan daɗe, domin akwai abin da muke tsallakewa idan muna karanta dokar Asabar. A Fitowa sura 20 da Maimaitawar Shari'a sura 5, dokar hutu tana cikin Dokoki Goma, jere da hana kisa da sata da zina. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu daina kallonta a matsayin shawara. Amma ku lura da wanda ake yi wa magana. Mai iko da gida ne, wanda yake da 'ya'ya da barori da dabbobi da baƙo a ƙofarsa. An lissafa masa su ɗaya bayan ɗaya, ɗansa da 'yarsa, baransa da baranyarsa, sansa da jakinsa, da baƙon da yake zaune wurinsa, an ce duka su huta. Maimaitawar Shari'a ta ƙara da dalili: domin baran ya sami hutu irin na ubangidansa, kuma domin Isra'ilawa su tuna sun taɓa zama bayi a Masar, inda ba mai tambayarsu ko sun gaji. Ashe dokar ta san cewa mai iko zai iya samar wa kansa hutu duk lokacin da ya ga dama. Wanda ba shi da bakin magana, shi dokar ta zo ta tsaya wa. Manomin Roni ko Gwiwa da ke da shanun huɗa ya san wannan sarai: da rana ta take yakan kwance su, ya kai su inuwa, ya ba su ruwa da harawa, domin ya san san da aka matsa wa ba ya kai ƙarshen damina. Abin kunya ne a ce wannan hikima ta tsaya a turke ba ta ƙarasa ɗakin girki ba.

Akwai kuma aya guda a Fitowa 34:21 da ta shafi manoma kai tsaye, inda aka ce hutun rana ta bakwai yana nan daram ko a lokacin huɗa ko a lokacin girbi, wato a daidai sa'ad da manomi yake ganin ba zai yiwu ba. Ku kwatanta wannan da dokokin mutane. Sarkin Rum Kwastantin, a shekara ta 321, ya yi dokar hutun Lahadi ga alƙalai da mutanen birni da masu sana'a, amma ya bar manoma su ci gaba da aiki. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun yini guda cikin kowane kwana bakwai, da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida bayan wata goma sha biyu, gwamnati kuma tana ba da hutu ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu. Duk wannan alheri ne, sai dai ya tsaya a ofis da ma'aikata. Ranar da gwamnati ta kira hutu ita ce ranar da aikin uwar gida yake ninkawa. Ba kotun da za ta karɓar mata wannan hakki. Mijinta da 'ya'yanta maza da ikilisiyarta ne kawai za su iya biyan ta.

Ubangiji Yesu da kansa ya nuna hanyar. A Markus sura 6, manzanni sun dawo daga aike, suna ba shi labarin abin da suka yi da abin da suka koyar, jama'a kuwa na ta kai da kawowa har ba su sami zarafin cin abinci ba. Bai ƙara masu wani aiki ba, ya kira su su keɓe zuwa wurin da ba kowa su ɗan huta. Mai kawo suka zai ce, to ai ba su huta ba, taron ya riga su isa, Yesu ya ji tausayinsu ya koya masu har ya ciyar da mutum dubu biyar. Haka ne, kuma wannan ya nuna cewa tausayi yana iya jinkirta hutu. Amma a ci gaba da karanta surar. Da aka gama ciyarwa, ya sa almajiransa suka shiga jirgi, shi ya tsaya ya sallami taron da kansa, sannan ya hau dutse ya yi addu'a shi kaɗai. Ya ɗauke masu aikin sallamar baƙi, kuma bai bar keɓewar ta salwanta ba. Labarin Marta da Maryamu a Luka sura 10 ma mun cika karanta shi da ido ɗaya. Mukan yi wa'azi a kan Marta mai yawan hidima, mu yaba wa Maryamu da ta zauna tana sauraro, alhali mu ne muke ɗora wa Martocin gidajenmu girkin mutum arba'in. Wanda yake so matarsa ta sami rabon Maryamu, sai ya rage mata kayan Marta.

Suka ta farko da za a kawo ita ce ta lalaci. Za a ce Manzo Bulus ya gargaɗi mutanen Tasalonika cewa wanda ya ƙi aiki bai cancanci ci ba, Littafin Karin Magana kuma ya tura rago wurin tururuwa ya koyi hankali. Ban musa ko ɗaya ba, kuma a garuruwanmu akwai samarin da ya kamata a karanta wa waɗannan ayoyi da babbar murya. Amma gargaɗin Bulus a kan wanda ya ƙi aiki ne yana yawon shisshigi cikin sha'anin mutane. Matar da ta yi wata bakwai tsakanin gona da turmi da murhu ba ta cikin wannan sahu. Dokar da ta ba da rana ɗaya ta hutu ita ce ta ba da kwana shida na aiki, a cikin numfashi guda. Lalaci da hutu ana gane su ta abin da suke haifarwa. Rago yana tashi daga kwanciya da ƙarin kasala, mai hutu kuwa yana tashi da niyyar komawa bakin aiki. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne, sau da yawa masu jifan wasu da kalmar lalaci su ne waɗanda hutunsu yake tsaye a kan aikin waɗanda suke jifa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Talaka zai ce, malam, hutu na mai ajiya ne. Ni in ban fita yau ba, ba a ɗora tukunya gobe. Makaranta za ta koma zango na biyu a farkon Janairu, mai shago yana bi na, tela yana bi na, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ɗan acaɓa da mai facin taya da mai kai tumatir kasuwa daga fadamar noman rani duk za su faɗi haka, kuma a yankinmu Lahadi ranar ciniki ce ga mafi yawan jama'a, wanda ya rufe shago ya bar wa wani kasuwa. Amsata kashi biyu ce. Na farko, Yesu bai mai da hutu sarƙa ba. Ya koyar cewa an kafa Asabar ne don amfanin mutum, ya kuma amince a ciro dabbar da ta faɗa rijiya ko da ranar hutu ce. Don haka wanda bai iya samun yini cur ba, ya kama rabin yini, ya kama daren da zai kwanta da wuri, a yi karɓa-karɓa tsakanin 'yan gida. Na biyu, kuma shi ne ainihin maganar, idan ɗan'uwa ba zai iya hutawa ko yini ɗaya ba tare da 'ya'yansa sun kwana da yunwa ba, wannan tambaya ce a kan ikilisiya. Hatsin da aka tara ranar godiyar kaka, ina ya tafi? Kwano biyar na dawa da za a kai wa gwauruwa a makon farko na Janairu, shi ne zai saya mata hutun da wa'azi goma ba za su saya mata ba. Mai gona ko mai shago Kirista da ya sallami yaransa kwana biyu ba tare da ya yanke masu lada ba, ya cika dokar nan fiye da wanda ya haddace ta.

Suka ta uku daga cikin majami'a take fitowa, kuma da kyakkyawar niyya. Za a ce shekara sabuwa ce, ai kamata ya yi a fara ta da kwanan addu'a da azumi da tarurrukan farkawa. Hakika ikilisiyoyi da yawa sukan kwana a majami'a daren 31 ga Disamba, waɗansu kuma su ɗora da azumin mako ɗaya ko uku. Azumi da addu'a abu ne mai daraja, ba mai bi na gaskiya da zai raina su. Amma mu duba yadda Allah ya bi da annabi Iliya a Sarakuna na Fari sura 19. Ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, Sarauniya Yezebel ta yi masa barazana, ya gudu har jejin da ke bayan Biyer-sheba, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai zo da tsawatarwa ba. Ya tashe shi daga barci, ya nuna masa abinci da tulun ruwa, Iliya ya ci ya sha ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai bayan haka ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, inda bai sami Allah a cikin iska mai ƙarfi ko girgizar ƙasa ko wuta ba, sai a cikin wata murya mai taushi. Jerin yana da ma'ana: barci da abinci tukuna, sannan doguwar tafiya, sannan sauraro. Idan muka tara mutanen da ba su yi barcin kirki ba tun tsakiyar Disamba muka ce su kwana suna addu'a har mako guda, za mu sami masu gyangyaɗi a kan benci da masu jin laifi a zuci don sun kasa. Dattawan ikilisiya su tuna kuma da fasto da matarsa da mai bishara na ƙauye, wanda a Disamba shi ne mai wa'azi, shi ne mai ɗaura aure, shi ne mai sasanta rigima, gidansa kuma shi ne masaukin kowa. Yetro ya faɗa wa surukinsa Musa a fili cewa ɗaukar nauyin jama'a shi kaɗai zai ƙarar da shi, ya ƙarar da jama'ar.

Wannan ya kawo mu ga tunani, wanda shi ne amfanin hutun. A Luka sura 2, bayan makiyaya sun zo sun faɗi abin da suka gani, kowa yana mamaki yana magana, marubucin ya nuna mana Maryamu uwar Yesu ita kaɗai tana adana al'amuran tana juya su a ranta. Sau biyu ya faɗi irin wannan game da ita a surar. Kuma Shari'ar Musa ta ba ta lokacin yin haka, domin bisa ga Littafin Firistoci sura 12, macen da ta haifi ɗa namiji tana da kwana arba'in kafin ta je Haikali. Bahaushiya ba ta bukatar a yi mata bayanin arba'in ɗin jego. Sai da kwanakin suka cika suka kai jaririn Urushalima da hadayar talakawa, tsuntsaye biyu, inda Saminu da Hannatu suka tarye su. Shi ya sa Katolika da Angilika suke tunawa da wannan ranar 2 ga Fabrairu, kamar yadda tsohuwar al'adar ikilisiya take ƙirga kwana goma sha biyu na Kirsimeti har zuwa 6 ga Janairu, ranar tunawa da masanan taurari daga gabas. Magabata sun ba wannan biki numfashi mai tsawo. Mu ne muka matse shi cikin yini guda na shinkafa da sabon ɗinki, muka tashi washegari kamar an rufe littafi.

A wannan yanki muna da gadon da ya kamata ya sauƙaƙa mana komawa ga karatu a natse. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya daɗe yana jagoranta tare da wasu, sabuwar fassara kuma ta biyo baya a 1980. Mishan ta SIM, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta yi makarantar kwana ta yara maza a Roni tun zamanin mulkin Turawa, kuma babban abin da irin waɗannan makarantu suka sa a gaba shi ne yaro ya iya buɗe littafin ya karanta da kansa cikin harshensa. Iyayen da suka koyi karatu a wancan lokaci da fitilar aci-balbal suka yi shi. Jikokinsu suna da littafin a cikin waya, har da mai karanta masu shi da murya, amma wayar ce take cinye daren. Bisharar Luka sura 24 ce. Gidan da ya karanta sura ɗaya kowane maraice bayan tuwo, yaro ɗan makaranta yana karantawa da ƙarfi don kaka ta ji, zai gama kafin Janairu ta ƙare, kuma zai bi jaririn komin dabbobi har zuwa gicciye da tashinsa. Kwata ɗaya na awa ya isa, in dai an kashe waya an kuma jira mai girki ta wanke hannu ta zauna.

Kada wani ya zaci shirun zai zo da daɗi kawai. Da hayaniya ta lafa, abubuwan da aka danne sukan taso. Na farko bashi ne. Miji da mata su zauna su rubuta abin da ake bin su, na mai shago da na tela da na adashi, ba ɓoye-ɓoye, su tsara biya, su kuma yanke tun yanzu abin da ba za a sake cin bashi saboda shi ba a Disamba mai zuwa. Daidai ruwa daidai tsaki. Sai maganganun da aka yaɓa wa juna lokacin da dangi suka taru, a kan gonar gado ko auren wata ko kuɗin asibitin tsoho. Yesu ya koyar a Matiyu sura 5 cewa wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya fara zuwa su shirya kafin ya miƙa baikonsa. Kiran waya guda a wannan mako ya fi sauƙi da gaba ta shekara guda. Sannan akwai gidajen da suka yi bikin bana ba tare da wani nasu ba. Cikin hidima ba su sami damar kuka ba, yanzu ne zai zo, kuma yanzu ne masu ziyara suka ɗauke ƙafa. Zumuntar Mata da ƙungiyar maza su karkata ziyararsu can, ziyarar da ba ta bukatar a dafa wa kowa komai.

Saura mai cewa, to duk wannan ba zai kashe zumunci ba? Ba mu ne muke cewa zumunci a ƙafa yake ba? Ban ce a rufe ƙofa ba, ban kuma ce a rage murna ba. Kirista a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa ba su da yawa, kuma taron Kirsimeti yana cikin abubuwan da suke riƙe su wuri ɗaya, kwanon da ake kai wa maƙwabci kuma yana gina zaman lafiyar da ba a saye da kuɗi. Abin da nake nema shi ne a raba nauyin. Baƙon da ya kwana uku ya zama ɗan gida, ya ɗauki guga ya nufi rijiya. Samarin da suka dawo daga Kano da Abuja su faskara ice su wanke tukwane, hannunsu ba zai karye ba. Maigida ya sa rana a cikin wannan mako, ya faɗa a gaban kowa cewa yau uwar gida da 'yan mata ba sa hura wuta, ko da za a wuni da ɗumame da kunu ne. Dattawan ikilisiya kuwa, idan suka zauna tsara kalandar shekara a wannan wata, su bar mako guda a Janairu wanda ba a rubuta komai a cikinsa ba sai sujadar Lahadi, su ba fasto kwanakinsa ya tafi da iyalinsa, wani dattijo ya riƙe wa'azin. Lokacin yin haka gajere ne, domin daga Maris zafin bazara zai kama, a fara kai taki gona da sharar fili, daga nan sai jiran hadari.